Hawan Tula da Keke: Tudun da Mota Ke Ɓoye wa Mutum

Ana gobe za mu tafi na kai kekena wurin wani dattijo mai gyara a Jekadafari, don ya duba mini birki. Ya kifa keken, sirdi a ƙasa tayoyi a sama, ya juya feda da hannu yana sauraron kukan sarƙa. Ya ɗaure sifok biyu da suka saki, ya ɗiga baƙin mai, sannan ya tambaye ni ina za ni da na damu da birki haka. Na ce Tula. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Tula ta kan dutse, Malam? Da wannan?"

Na ce da shi.

"Aikenka aka yi, ko alwashi ka ɗauka?"

Na ce ko ɗaya, Baba, sha'awa ce kawai. Ya yi shiru ya koma kan aikinsa. Can ya ce wa yaronsa ya ɗauko sabuwar robar birki, gaba da baya, tunda dai bawan Allahn nan ya riga ya ƙudura.

Ban ga laifinsa ba. A Gombe keke kayan neman abinci ne. Shi ke ɗauko buhun wake zuwa Tudun Hatsi, shi ke kai ɗan makaranta Islamiyya, shi mai sayar da rake ke ɗaura wa dami a kariya har bayan ya rinjayi gaba. A ce magidanci mai mota a ajiye ya tashi da asuba ya je ya nemi tudu da kansa, ya hau shi ba don wani ya aike shi ba, ya sauko hannu rabbana, wannan a kunnen mutanenmu ya fi kama da larura.

Abin mamakin shi ne Gombe gari ne da aka yi wa mai son hawa. Duk wanda ya taɓa shigowa daga Bauchi ya san haka: kana wuce Tumfure hanya za ta sunkuya, gari ya shimfiɗu a ƙasanka kamar an baje tabarma. Ta gabas ga Dutsen Liji a tsaye. Asalin masarautar Gombe ba nan take ba. Modibbo Buba Yero ya kafa ta a 1804, mazauninta Gombe Abba a bakin kogin Gongola. Turawa suka mayar da ita Nafada a 1913, sannan a 1919 aka dawo da ita Doma, wato Gomben da muke ciki yau. Waɗanda suka zaɓi wannan kwari ba su yi shawara da mai keke ba. Direba bai san garin a kwance yake cikin ƙwarya ba, don ƙafarsa totur kawai take dannawa. Ruwan sama ya sani, shi ya sa duk damina yake gangarowa da ƙarfi yana yage unguwanni da zaizaya. Mai keke ma ya sani, a cinyarsa.

A kan wannan hawa na hanyar Bauchi muka yi atisaye, ni da abokaina biyu, sati uku muna fita bayan sallar asuba kafin manyan motoci su farka. Ranar farko ban kai rabi ba na sauka ina haki, wani mai acaba ya rage gudu ya tambaye ni ko faci na yi. Ranar goma na ƙure hawan ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba, na ɗauka na zama wani abu.

Ba kullum keke yake abin rainawa ba. Iyayenmu sun ga zamanin da Raleigh sabo dal, mai fitila da ƙararrawa da jakar sifana a bayan sirdi, shi ne shaidar cewa malamin makaranta ko akawun En'e ya kama ƙasa. Har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano. Lokacin da auduga ke tashe a Gombe, wadda unguwar BCGA ta gaji sunanta daga kamfanin Turawan da ke gurzar ta, manomin da kakarsa ta yi kyau keke yake fara saye kafin ya yi zancen ƙarin aure. Daga baya Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa, sai babur ya zo ya ture su duka. Keke ya koma hannun yara da wanda ba shi da yadda zai yi. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma kan keke, har ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, sai wata bas ta ture shi cikin kwalbati, aka samu abin dariya na shekara guda. Abin da wa'azinsa ya kasa, cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya yi shi cikin 'yan watanni: kekunan da suka shekara goma a rataye a zaure suka sauko, masu faci suka ga ciniki. Amma wannan komawar dole ce. Mu tamu ta ganin dama ce, kuma ita ce ba a gane ba.

Tula tana da nisan kusan kilomita 100 daga Gombe, a ƙaramar hukumar Kaltungo. Ba mu yi gangancin taka titin Yola duka da keke ba. Titi ne na tirela da tanka, kuma babu wanda ya ware wa mai feda ko taku ɗaya a gefensa. Muka cire tayoyin gaba, muka cusa kekuna uku a bayan mota, muka bar gari da duhu-duhu a wata Asabar ta Janairu. Mun zaɓi hunturu da gangan. A Maris da Afrilu zafin wannan yanki kan haura digiri 40, kuma wanda ya hau tudu a irin wannan rana ya kira wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Muka wuce Kumo ana buɗe shagunan shayi, muka wuce Billiri ta Mai Tangale, hazo bai gama ɗagawa ba Dutsen Kilang ya fito da tsininsa kamar turmin da aka kifa aka fiƙe. A Kaltungo muka sauke kekuna, muka mayar da tayoyi, kowa ya cika gora biyu da ruwa, ya zuba dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu.

Farkon tafiyar yaudara ce. Hanya a miƙe, iska mai sanyi, karan dawa a tsaitsaye cikin gonaki, muna hira har da waƙe-waƙe. Da muka bar babban titi muka fuskanci duwatsun, hirar ta fara gajarta. Babu wanda ya ce a yi shiru. Numfashi ne ya karɓe wurin magana.

A nan ne mutum ke fahimtar abin da ake nufi da giya. Keken gargajiya, irin mai birkin ƙarfe, giyarsa ɗaya ce: faranti mai haƙora wajen 44 a gaba, ƙarami mai wajen 18 a baya. Kowane zagayen feda yana tura ka sama da mita biyar. A fili wannan daɗi ne, a tudu kuwa azaba, don dole ƙafarka ta ɗaga nauyinka da na keken tsawon waɗannan mita biyar a bugu ɗaya. Keken hawa yana da faranti ƙarami a gaba, manya a baya. Idan ka sa 34 a kan 34, zagaye ɗaya mita biyu da 'yan kai kawai zai kai ka. Ba ka rage aikin ba, ka dai yanka shi ƙanana ne, kamar yadda ake yi wa tsoho loma. Masu wannan harka suna auna tudu da kaso: idan aka ce hawa takwas cikin ɗari ne, ana nufin duk mita ɗari da ka ci gaba ka ɗaga sama mita takwas. A takarda ba wani abu ba ne. A kan sirdi, biyar cikin ɗari kana iya amsa sallama, takwas sai dai ka ɗaga hannu, goma kuwa ko hannun ba za ka iya saki ba.

Kuskuren sabon shiga ɗaya ne a ko'ina, ni ma na yi shi: ganin tudu sai ka miƙe tsaye a kan feda ka afka masa da ƙarfi, kamar za ka kayar da shi a kokawa. Minti uku ƙirji ya ɗauki wuta. Babban cikinmu, wanda ya fi mu daɗewa a kan keke, ya zo ta gefena a zaune, yana juya ƙafa a hankali kamar mai dama fura, ya ce, "Sauke giya, ka zauna. Dutsen ba gudu zai yi ba." Na sauke. Sarƙa ta yi ƙara ta haye babban faranti, ƙafa ta samu sauƙi, gudun ya koma na mai tafiya da sauri a ƙasa.

A wannan gudun ne ake ganin ƙasa. Na sha zuwa Tula da mota, amma ban taɓa lura da yadda aka yi gonakin gefen dutse ba sai ranar. Mutanen nan sun jera duwatsu layi-layi, hawa-hawa kamar matakala, kowane layi yana riƙe da 'yar ƙasar da ruwa zai tafi da ita in ba don shi ba. Aikin kakanni ne, dutse ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Na tuna ramukan zaizayar da ke cin gidaje a cikin Gombe, na ce ashe maganin wani ciwon yana rataye a gefen dutse kilomita ɗari daga gida, muna wuce shi da gilashi a rufe. Ana jin ƙanshin ciyawar da aka ƙona. Ana jin kukan akuya daga sama, ba daga gefe ba. Kwana tana zuwa, ka ce daga ita sai fili, ka karya ta ka tarar da wata tana jiranka a sama da ita.

A ɗaya daga cikin waɗannan kwanoni muka cim ma wani mutum, zai yi shekara hamsin da wani abu, yana tura tsohon Phoenix da buhu a kariya da jarka a rataye a kan keken. Silifas ne a ƙafarsa. Ya kafa kafaɗa a jikin buhun, yana tafiya a karkace, ba ya sauri ba ya tsayawa. Muka yi masa sannu da aiki. Ya dube mu, da hulunan kwano da safar hannu da kekuna marasa ko ƙyalle a baya, ya ce, "Sannunku dai. Ina kayan naku?" Muka ce ba mu da kaya. Ya yi dariya har ya tsaya ya tokare keken da ƙugu. Bai ƙara cewa komai ba, kuma ban ji daɗin wuce shi ba. Abin da muka yi sati uku muna shiri, muka sayi robar birki saboda shi, muka ɗauki hotuna, shi hanyar gidansa ce ranar kasuwa.

Amma turin keke a tudu ba abin kunya ba ne ko a wurin gwanaye. Gasar Tour de France ta Faransa, wadda aka fara a 1903, ta shiga manyan duwatsu a 1910, ta bi ta mashigar Tourmalet mai tsayin mita 2,115. Hanyar a lokacin turba ce ta tsakuwa, kekunan kuma ba su da giyar sauyawa. Sai a 1937 aka yarda a yi amfani da ita a gasar. Octave Lapize, wanda ya ci gasar ta 1910, da ƙafa ya tura kekensa a wani ɓangaren hawan, kuma ya huce haushinsa a kan masu shirya gasar, ya kira su masu kisan kai. Kekensa ya fi kusa da na mai buhun nan fiye da nawa. Yau waɗannan mashigai sun zama wuraren ziyara. Mutane na tara kuɗin shekara don su je su hau Alpe d'Huez, kilomita 13.8 mai kwana 21, ko Stelvio ta Italiya mai kwana 48 da tsayin mita 2,757. Akanta da likita da ɗan fansho, ba gasa suke ba, su dai a ce sun kai. Ƙauyukan da ke gindin waɗannan duwatsu da cinikin masu keke suke cin abinci duk bazara.

Kada a ce abin na Turawa ne. Daniel Teklehaimanot ɗan Eritiriya ya sa rigar gwanin hawa a Tour de France a 2015. Ɗan ƙasarsu Biniam Girmay ya ci zango uku a gasar 2024, ya tafi gida da koriyar riga. Burkina Faso na yin gasarta tun 1987. A Satumbar 2025 Kigali ta karɓi gasar keken titi ta duniya, karo na farko a Afirka, kuma tudun garin ne abin da aka je nema. Mu kuwa 'yar wasanmu Ese Ukpeseraye, da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Faris a 2024, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke ta shiga tseren cikin fili. Ba duwatsu muka rasa ba. Ga Filato, ga hanyar Obudu mai murɗe-murɗe, ga hawan Mambila daga Mayo Selbe zuwa sama, a jihar da Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a ƙasar nan, mita 2,419. A ganina girman kai ne ya tare mu. Mutum ya gwammace hawan jini da sukari su kwantar da shi a kan a gan shi yana feda, surukai su ce ya karye. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, mu kuma muka mayar da ita ranar da manya ke hawa na minti goma a ɗauki hoto, direba na biye da mota a baya.

Duk wannan tunanin daga baya ya zo. A kan dutsen ba na tunanin kowa. Wajen kashi biyu cikin uku na hawan, jijiyar cinyata ta dama ta ɗaure tamau, kamar an zura igiya an ja. Na yi ƙoƙarin sauya giya da ƙarfi a kan feda, sarƙa ta zame ta faɗa tsakanin faranti da ƙarfe. Na sauka da ƙyar. Ga wani dutse mai faɗi a gefen hanya, da inuwa da busasshiyar ciyawa kewaye da shi, kamar an ajiye mini. Har na nufe shi abokina ya daka mini tsawa. Na manta inda nake. Wannan yanki gidan kububuwa ne, ƙaramar macijiya mai launin ƙasa da ke kwanciya a ƙarƙashin duwatsu, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Saboda ita ne Kaltungo ke da asibitin masu saran maciji da ake kawo mutane daga jihohin maƙwabta. A tsakiyar hanya na zauna, a fili inda nake ganin ko'ina, na miƙe ƙafa, na sha ruwan da aka jefa wa gishiri da sukari. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishirin jiki, kuma iskar hunturu na busar da shi tun kafin ka san ka yi. Farar rigata duk ta yi zane-zanen gishiri. Na ci dabino biyar, na mayar da sarƙa, hannuna ya yi baƙi ƙirin.

Muna nan zaune mai buhu ya iso. Ya yi mana sannu, ya wuce.

Ragowar hawan ban iya ba da labarinsa dalla-dalla. Na san na daina duban sama, na koma ƙirga abin da ke gabana: in kai wancan dutsen, in kai waccan bishiyar, in kai inda akuyar can take tsaye. Na san yara sun fito daga wani gida sun bi mu da gudu suna ihu, ɗaya ya dafa sirdina ya tura ni taku goma, kuma ban hana shi ba. Sai kawai na ji feda ta yi sauƙi ba tare da na taɓa giya ba. Iska ta canja, ta zo daga gaba, mai sanyi. Rufin kwano ya bayyana, da hasumiyar coci, da masallaci.

Tula ƙasa ce mai sassa uku, Wange da Baule da Yiri, da harshenta da sarkinta, Mai Tula. Kirarinta kowa a jihar ya san shi: Tula maza ba tsoro. Tarihin da mutanenta ke bayarwa shi ne mahayan da suka zo daga masarautun arewa a ƙarni na 19 ba su ci ta da yaƙi ba, kuma wanda ya hau da ƙafarsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani: dokin da ya iso nan a gajiye, mutane na sama da duwatsu a hannu, ya gama yawo. Turawa kuma sanyin wurin ne ya ja su. Nan suka fara ajiye hedikwatar yankin Tangale-Waja, suka gina gidan yari da har yanzu yake nan. Daga bakin dutsen ana hango ƙasar Kaltungo a shimfiɗe, hanyar da muka biyo ta zama zare, wata mota na tafiya a kanta kamar ƙwaro. Na tsaya ina kallo, ƙafafuna na rawa su kaɗai.

Muka samu wata mata mai ƙosai da kunu a gindin bishiya. Ban taɓa shan kunun da ya kai wannan ba, kuma na san ba kunun ba ne. Ta tambaye mu daga ina, muka ce Gombe, ta dubi kekunan ta ce Allah ya ba da lada, irin addu'ar da ake yi wa wanda ya dawo daga jana'iza.

Saukowa ita ce inda ake mutuwa, ba hawa ba, kuma babbanmu sai da ya tsayar da mu ya maimaita mana karatun. Kada ka riƙe birki ka ƙi saki, don roba na gugar ƙarfen taya ya yi zafi, birkin ya daina kamawa ko tif ya fashe. Ka matsa, ka saki, ka matsa. Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Birkin gaba shi ne mai ƙarfi, amma in ka damƙe shi lokaci ɗaya zai wurga ka ta saman keke, don haka ka ja jikinka baya. Ka sa ran yashi a kowace kwana, da akuya, da mai babur da ya kashe inji yana gangarowa shiru don tsimin mai. Duk mun gamu da su, har da akuyar.

Abin da ya ci mana safiya guda muka sauke shi kafin gumin bayanmu ya bushe. Iska na kuka a kunne, hawaye na gudu zuwa baya, gonakin matakala na wucewa kamar ana buɗe shafuka. A wata kwana na ji tayar baya ta ɗan ja gefe a kan tsakuwa, cikina ya faɗi, ta dawo. Da muka iso fili na taɓa ƙarfen tayar da yatsa, na janye da sauri.

Ranar Litinin na mayar da keken Jekadafari, don sarƙar na ta ƙara tun faɗuwar da ta yi. Dattijon ya kifa shi, ya duba robar birkin da ya sa mini kwana uku da suka wuce, ya shafa ta da babban yatsa, ya ga yadda ta cinye. Ya kira yaronsa ya nuna masa.

"Ashe dai ya je," in ji shi. Sannan ya juyo gare ni. "To, Malam, me ka samo a can?"

Na ce kunu na sha. Ya gyaɗa kai, ya miƙa hannu a ba shi sifana mai lamba goma.